Tun Ran Gini, Ran Zane: Zafin Aji Daga Fili Yake Farawa

Duk malamin da ke koyarwa a wannan yanki namu, daga Guci zuwa Dungas har Magarya, ya san shekarar karatu kashi biyu ce. Akwai watannin da ake karatu, akwai watannin da ake fama da rana. Daga ƙarshen Maris har zuwa saukar ruwan farko, darasin da bai shiga kan yaro kafin ƙarfe goma sha ɗaya ba, sai dai a ɗaga shi zuwa gobe. Yara sukan yi laushi a kan benci, wannan na gyangyaɗi, wancan na fifita da bangon littafi, wani kuma haɓo ya ɓalle masa sai an fita da shi an jiƙa masa kai. Abin takaicin, a cikin waɗannan watanni ne ake son mu kammala darussan shekara, mu shirya yara don jarrabawa.

Idan ka tambayi iyaye ko malamai abin da ke kawo wannan zafi, kowa rufin kwano zai nuna maka, wato tol. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai a shekaru ashirin da 'yan kai da na yi ina riƙe da alli, na sha ganin azuzuwa biyu a makaranta ɗaya, rufinsu iri ɗaya, bulonsu iri ɗaya, ɗan kwangila ɗaya ne ya gina su, amma ɗaya ana iya zama cikinsa har azahar, ɗayan kuwa tun da hantsi ya zama tanderu. Abin da ya bambanta su yana waje: ina ajin ya fuskanta, me ke tsaye tsakaninsa da iska, kuma wace irin ƙasa ce a gaban tagoginsa. A kan wannan nake son mu tattauna da iyayen yara da 'yan uwana malamai, domin yanzu akwai ilimin da ke iya nuna wa mutum duk wannan tun kafin a haƙa harsashi, kuma mu da za mu zauna a cikin ginin ya kamata mu fi kowa sanin cewa akwai shi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas da ke Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar, irin wannan masifa ta sake aukuwa a wata makaranta a Maraɗi, ta ci yara aƙalla 25. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan haka ne hukumomi suka hana azuzuwan zana a makarantun renon yara, aka kuma shiga maganar maye gurbin azuzuwan zana kusan 36,000 da ke faɗin Nijar da gini mai ƙwari.

Babu uban da zai yi jayayya da wannan. Amma ajin zana, duk da haɗarinsa, yana da abubuwa biyu da ginin bulo ba shi da su. Iska tana ratsa shi ta ko'ina, sannan in aka ga an kafa shi a mugun wuri, baɗi sai a matsar da shi. Ginin bulo kuwa inda aka dasa shi nan zai tsaya shekara talatin ko arba'in. Mun san yadda ake zaɓen wurin a mafi yawan lokaci: ɗan kwangila ya zo da zanen da aka ba shi daga birni, ya tambayi darakta inda akwai fili, a ja igiya a jere da hanya ko da katanga, a buga turaku, in akwai itaciya a kusa a sare ta don a samu wurin kwaɓa siminti. Aikin safiya ɗaya ne, amma yaran da ba a haifa ba tukuna su ne za su zauna cikin sakamakonsa.

Zafin kuma ba raguwa yake yi ba. A Damagaram, zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 zuwa sama. Ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma a watan Maris na wannan shekarar Sudan ta Kudu ta rufe makarantunta gaba ɗaya saboda zafi. Illar zafi ga karatu ma an auna ta. Wani bincike da Jisung Park da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, a kan ɗalibai kusan miliyan 10 a Amurka, ya nuna cewa a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, idan shekarar karatu ta ƙara zafi da ɗan sama da rabin digiri a ma'aunin da muke amfani da shi, abin da yara suka koya a shekarar yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100. To in haka abin yake a Amurka, ina ga Guci?

Yadda kwamfuta ke ganin iska

Na san da wannan ilimi ne ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke karatun injiniya a jami'a. Ya zo hutu gida, ya shigo makaranta gaishe ni, na kuwa yi masa kukan zafin ajina. Sai ya ce, "Mushe, in ka yarda, ara mini yara biyu da igiyar awo." Kwana biyu suka yi suna awo: tsawon kowane gini da faɗinsa da tsayinsa, tazarar da ke tsakaninsu, tsayin katanga, inda kowace itaciya take da girman inuwarta, inda ƙasa ke da rairayi da inda take fako. Duk ya zuba su cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, sai ga makarantarmu a kan allon kwamfuta kamar 'yan akwatunan ashana.

Ga bayanin da ya yi mini, kuma na same shi daidai da abin da na karanta daga baya. Manhajar tana ɗaukar iskar da ke saman filin makaranta ta yayyanka ta zuwa ƙananan akwatuna. A ce filin mita 100 ne a tsawo, mita 100 a faɗi, kuma ana son a bi iskar har mita 30 zuwa sama. Idan kowane akwati mita ɗaya ne ta kowane gefe, an samu akwatuna 300,000 ke nan. A kowane akwati manhajar tana lissafa saurin iska da inda ta dosa da zafinta da laimarta. Ƙa'idar kuwa ɗan aji shida ma zai gane ta: iskar da ta fita daga wannan akwati dole ta shiga na kusa da shi, zafin da ya bar wannan dole ya je wani wuri, babu abin da ke ɓacewa. Sai ta matsa gaba da 'yan daƙiƙoƙi ta sake lissafin duka, haka haka har ta kwaikwayi yini guda tun daga asuba har dare.

Lissafin kansa tsoho ne. Wani Bafaranshe, Claude-Louis Navier, ya fara tsara shi a 1822, wani masani a Ingila, George Stokes, ya kammala shi a 1845. Abin da ya gagara shi ne yawan aikin. A 1922 Lewis Fry Richardson ya yi kiyasin cewa sai an tara mutane 64,000 suna lissafi da hannu a lokaci guda kafin a iya yin hasashen yanayin duniya kan kari. Yau kwamfutar ɗalibi tana yin irin wannan aiki a kan filin makaranta, ko da yake tamu ta kwana tana yi, kuma sai da aka kai ta wurin mai cajin waya aka ƙara mata wuta. Manhajojin suna da yawa. Wadda yaron ya yi amfani da ita sunanta ENVI-met, Michael Bruse ya fara ƙirƙirar ta a Jamus a shekarun 1990, an kuma yi ta ne musamman don zafin da ke tsakanin gine-gine da itatuwa da ƙasa. Akwai Ansys Fluent da manyan kamfanoni ke saya, akwai kuma OpenFOAM da aka saki kyauta tun 2004, kowa na iya sauke ta daga intanet.

Abubuwa uku da na gani

A makarantar horon malamai an koya mana cewa zafi na tafiya ta hanyoyi uku. Yana ratsa abu, kamar yadda yake bin ludayin ƙarfe har ya ƙona hannu. Iska ko ruwa na ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri. Sannan akwai huci, irin wanda ke dukan fuskarka idan ka tsaya nesa da wuta ba tare da ka taɓa ta ba. Na sha rubuta wannan a allo. A kan kwamfutar yaron nan na ga su ukun suna aiki tare a filin da nake takawa kullum.

Na farko shi ne, iska ma tana da inuwa. Idan ta daki gini ko katanga, sai ta haura sama ta wuce, a bayan ginin kuma a samu wani wuri da iskar ke juyawa a hankali kamar ruwa a bayan dutse, ba ta tafiya ko'ina. Ajina yana cikin irin wannan wuri ne, domin akwai doguwar katangar bulo kusa da tagoginsa ta kudu maso yamma. Wani masani a Kanada, Tim Oke, ya bayyana a 1988 cewa idan tazarar da ke tsakanin gine-gine biyu ba ta kai ninki ɗaya da rabi na tsayinsu ba, iska takan bi ta samansu ta wuce ba tare da ta sauko sosai ba, kuma sai tazarar ta haura ninki uku kafin kowane gini ya samu iskarsa. A aji mai tsayin mita 4, ana maganar mita 12 zuwa 13 ke nan. Da yaron ya canza katangar a cikin kwamfuta ya mayar da rabinta na sama bulo mai ramuka, sai muka ga iska ta fara isa tagogin. Iyayenmu da ke kewaye gida da zana ko dangar kara sun daɗe suna cin wannan moriya.

Na biyu shi ne huci. Da tsakar rana idan sararin sama ya washe, kowane murabba'in mita ɗaya na ƙasa ko na rufi yana karɓar ƙarfin rana da ya kai kusan wat 1,000, daidai da dutsen guga na lantarki guda. Aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7 rufinsa murabba'in mita 63 ne, kamar an jera dutsen guga 63 a kansa. Filin da ke gabansa ma irin wannan rabo yake samu, shi ya sa rairayi ke iya haura digiri 60, yaro marar takalmi ya riƙa tsalle. Digiri 42 da ake faɗa a rediyo zafin iska ne da aka auna a inuwa, sama da ƙasa. Yaron da ke tsaye a fili yana shan rana daga sama, yana shan hucin rairayi daga ƙasa, yana shan na bango daga gefe. Wannan hucin yana shiga aji ta ƙofa da taga, iskar da ta biyo ta kan rairayin ma ta kwaso zafinsa ta shigo da shi.

A nan ne fuskar gini ke da muhimmanci. Guci na kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kanmu, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. Kowane malami na iya gwadawa: a kafa sanda a miƙe a ƙarshen Afrilu, da rana ta take inuwarta za ta kusa ɓacewa. Ma'anar wannan ita ce a bazara bangon arewa da na kudu ba sa shan rana sosai, rufi ne ke sha da tsakar rana, bangon gabas ya sha da safe, na yamma kuma ya sha daga azahar zuwa la'asar, lokacin da iska ta fi zafi. Ajin da dogon bangonsa da tagoginsa ke kallon yamma ya shiga uku. Wanda aka shimfiɗa tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi na kallon arewa da kudu, gajerun bangaye ne kawai ya miƙa wa rana. Ƙari a kan haka, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, duka biyun suna iya shiga ta wannan taga su fita ta waccan. Hadari kuwa daga gabas yake taso mana, sai ya tarar da gajeren bango.

Na uku shi ne itace. Da ya dasa itatuwa biyu a yammacin ajin cikin kwamfuta, zafin iskar kanta kaɗan ya sauka, har na ce masa, "Kai ɗana, ashe wahalar banza ce." Ya yi dariya ya ce, "Mushe, duba ɗaya hoton." Hoton huci ne, kuma a nan launin ya sauya ƙwarai, domin ƙasa da bangon da ke cikin inuwa ba su ɗauki zafin da za su mayar wa mutum ba. Ban da inuwa, itaciya tana fitar da ruwa ta ganyenta, kuma kowace lita ɗaya da ta zama tururi tana tafiya da zafin da ya kai na dutsen guga da aka bari a kunne minti 40. Sirrin randa da tulu ke nan, kuma da shi ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa maƙwabciyarmu, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Sai dai manhajar ta nuna wani abu kuma: itaciya mai duhun ganye har ƙasa tana tare iska kamar katanga. A sassabe rassanta na ƙasa, inuwa ta zauna a sama, iska ta wuce ta ƙarƙashi.

Inda kwamfuta ke buƙatar mu

Kada hotuna masu launi su ruɗe mu. Richardson da na ambata ya shafe makonni yana lissafin hasashen sa'o'i shida kacal, sakamakon ya fito ba daidai ba, kuma daga baya masana suka gano cewa babbar matsalar daga bayanan da ya fara da su take. Manhajar yau ma haka take, abin da ka ba ta shi take dafawa. Bayanan zafi da iska da ake da su na tashoshin auna yanayi ne irin na Magarya da na Damagaram, kuma iskar da aka auna a fili a can ba lallai ta zama ita ce ke kaɗawa a bayan kasuwa ko a gindin tudun rairayi a ƙauyenmu ba. Kwamfuta ba ta san cewa a watan Janairu muna rufe tagogin arewa saboda ƙura da sanyi ba. Ba ta san an toshe wata taga da bulo saboda ɓarayi ba, ko cewa ajin da aka zana don yara 50 yana ɗauke da fiye da haka, kowannensu kuma jikinsa na fitar da zafi.

Akwai kuma tambayoyin da ba su da amsa guda. Fatar mutum tana kusan digiri 35. Idan iska ta fi haka zafi, kaɗawarta ƙara wa jiki zafi take yi, sai dai ta taimaka wajen busar da zufa, shi ya sa yaron da bai sha ruwa ba iskar bazara ba ta yi masa amfani. Haka kuma matse gine-gine kusa da juna yana hana iska, amma yana ba da inuwa. Wanda ya taɓa bin lungunan unguwar Birni a Damagaram da rana ya san yadda suke da sauƙin zafi, domin magina na da sun zaɓi inuwa da kaurin bangon ƙasa, wanda ke shanye zafi da rana ya sake shi da dare. Wanne ya fi dacewa da makaranta, inda yara da yawa ke cikin ɗaki ɗaya kuma suna buƙatar iska mai sabuntawa? Irin wannan tambaya ce manhajar ta fi amfani a kanta, domin ana iya gwada tsari biyar a mako guda ba tare da an sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Amma kafin a gaskata ta, sai an ɗauki ma'aunin zafi an je filin an gwada, an kuma tambayi waɗanda ke wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, makarantar da ba ta da isassun bencina ina ruwanta da manhajar Jamus? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsata. Juya fuskar gini a ranar da ake jan igiya ba ya cin ko dala. Barin itaciya a tsaye ma haka. Sannan azuzuwanmu kusan duk da zane iri ɗaya ake gina su, rana da iska kuma kusan iri ɗaya ne daga Guci har Magarya. Ke nan ba sai an yi wa kowace makaranta nata lissafin ba. In aka yi aikin da kyau sau ɗaya, a kan tsare-tsare uku ko huɗu, aka fitar da sakamakon a takarda ɗaya da Hausa da Faransanci, ɗaruruwan makarantu za su amfana. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta Abdou Moumouni a Yamai, kuma kowace shekara ɗalibansu na neman abin da za su yi bincike a kai. Shi kansa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, malamin makaranta ne kuma masanin ƙarfin rana, ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka a 1964, ya kuma shugabanci hukumar binciken makamashin rana ta Nijar shekaru da dama. Haɗa maganar rana da maganar makaranta gadonmu ne.

Gine-ginen da suka bi waɗannan ƙa'idoji ma akwai su, ba a nesa ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama da silin ya bar sarari a tsakani don iska ta kwashe zafin, ya kuma zazzago da bakin rufin ya yi wa bango inuwa. Aikin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya samu kyautar Pritzker a 2022. A Dandaji ta jahar Tawa, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala cibiyar Hikma a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu. A kasuwar garin kuma Mariam Issoufou ta kafa faya-fayan ƙarfe masu launi a sama, wasu bisa wasu, suna ba da inuwa iska na wucewa. Sai dai mu tuna, rufin da aka ɗaga sai an ɗaure shi da kyau, domin mun san abin da iskar farkon damina ke yi wa tol.

Abin da ke hannunmu

Iyaye, ku ne kwamitin COGES, ku ne ƙungiyar iyayen yara da ta uwaye. Duk ranar da aka ce za a gina sabon aji, ku je wurin kafin a buga turke na farko, ku tafi da maigari da dattijon magini na gari, ku yi tambaya cikin ladabi. Ina dogon bangon zai kalla? In an ce yamma ko gabas, ku nemi a juya shi. Taku nawa ne tsakaninsa da ginin da ke kusa ko katanga? Akwai tagogi a ɓangarori biyu masu kallon juna? Wace itaciya za a sare, kuma ba za a iya matsar da ginin a bar ta ba? Za a yi baranda ko a zazzago da bakin rufi? In za a kewaye makaranta, ku nemi a sa bulo mai ramuka a saman katangar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya saɓa wa zanen da aka zo da shi daga birni.

Maganar itace kuwa, mu ne ya kamata a zo koyo wurinmu. Wani bincike da aka yi a 2006 ya kiyasta cewa manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya itatuwa a gonaki da suka kai kusan hekta miliyan ɗaya ta hanyar sassaben zamani, mafi yawansu gawo. Abin kunya ne a ce gonakin da ke kewaye da makaranta cike suke da itatuwa, filin makarantar kuma fako ne. Gawo kamar don makaranta aka yi shi: yana fitar da ganye bayan damina lokacin da ake komawa karatu, ya riƙe shi duk tsawon rani, ya zubar idan ruwa ya sauka ana shirin babban hutu. Ƙayarsa ce kawai ke sa a ɗan nisanta shi da wurin wasa. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ya fi saurin girma, a sa shi yamma da aji. A ba kowane aji itatuwa biyu da zai kula da su, a yi musu shinge saboda awaki, a kuma shirya wanda zai duba su lokacin hutu, domin a nan ne akasarin dashen makarantu ke mutuwa.

'Yan uwana malamai, namu aikin darasi ne da ba ya bukatar kuɗi. A ɗaura tsumma a bakin sanda a wurare huɗu na filin makaranta, yara su riƙa rubuta inda ya karkata da safe da rana har tsawon wata guda. A zana inuwar aji a ƙasa da ƙarfe tara da sha biyu da huɗu. In an samu ma'aunin zafi ko da guda ɗaya ne, a auna a gindin itaciya, a auna a inuwar bangon yamma, a auna cikin kowane aji, a rubuta a littafi ɗaya da kwanan wata. Lissafi ne, kimiyya ce, labarin ƙasa ne a lokaci guda. Wannan littafi shi ne ainihin abin da mai manhaja zai nema duk ranar da ya zo, kuma shi ne hujjar da darakta zai ajiye a gaban ɗan kwangila ko magajin gari idan ana gardamar inda za a sa gini.

Na'urar sanyaya ɗaki ba za ta zo azuzuwan ƙauyukanmu nan kusa ba, kuma dukkanmu mun san haka. Abin da muke da shi shi ne inuwa da iska da fuskar gini, kuma dukkansu a ranar jan igiya ake samunsu ko a rasa su. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. In an zo gina aji a garinku, kada ku bari a yi wannan rana ba ku nan.